Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Abijan a mota, don kallon ƙwallo

A bakin shagon Tela maganar ta fara, can wajen Ƙofar Ƙaura, inda muke zama bayan isha'i muna musun ƙwallo har mai shayi ya kife tukunyarsa. Watan Maris ne na 2023, lokacin da takardar naira ta yi wuyar gani. Wani daga cikinmu ya ce abin kunya ne, shekara kusan ashirin muna kai kuɗinmu gidan kallo, amma ba wanda ya taɓa ganin Super Eagles da idonsa. Iyakarmu filin Karkanda, in Katsina United na wasa a gida. Tela bai ko ɗago daga keken ɗinki ba ya ce, ai ga gasar cin kofin Afirka nan za a yi a Kwaddibuwa, an ɗage ta zuwa Janairu saboda damina, kuma ƙasa ce ta ECOWAS, ba ruwanka da biza. Aka yi dariya aka watse. Da Juma'a ta zagayo sai ga mu huɗu mun kai dubu goma-goma wurin wani Alhaji mai kanti a unguwarmu, muka ce ya riƙe mana, kada ya ba kowa ko da ya zo yana kuka.

Mu huɗu muka fara, mu biyu muka tafi. Ɗaya aka sa masa rana, ya zo da baffansa har kantin, Alhaji ya ce shi ba zai hana sunna saboda ƙwallo ba, ya ƙirga masa kuɗinsa. Na biyun zan zo kan labarinsa.

Hanyar da muka tsara da farko ta arewa ce. Daga Katsina zuwa Maraɗi ta Jibiya ba ta kai awa biyu ba, daga nan Yamai, Wagadugu, Bobo, a gangara Buwake, sai Abijan. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya yi fataucin goro shekaru da yawa, shi ya zana mana ita a bayan kwalin sukari. Sai aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, kafin mu ankara an rufe iyaka. Wanda ya san Katsina ya san abin da wannan rufewa ta yi mana, don rabin danginmu da cinikinmu suna ƙetare. Ko ba rufewar ma, masu zuwa daga can suna ta cewa hanyar Yamai zuwa Wagadugu ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Ya zama dole mu yi kudu: Kano, Legas, sannan mu bi bakin teku ta Benin da Togo da Gana. Tafiya ta ninka, kuɗin mota kuwa dama ya tashi tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu.

Babban kuskurenmu a kan kuɗi muka yi shi, kuma ba don ba a gaya mana ba. Tun watan Afrilu Kawu ya ce, "Kai ɗan nan, duk abin da kuka tara a wata, ku mai da shi sefa ku ajiye. Can ba naira za ku ci ba." Muka ce to, ba mu yi ba. Lokacin jikar sefa, wato dubu ɗaya, ba ta wuce naira dubu da 'yan ɗari ba. A watan Yuni gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, muka ce bari ta ɗan farfaɗo tukuna. Muna jira tana zamewa. Ranar da muka je canji a Janairu, jika ɗaya ta haura naira dubu biyu. Kusan rabin guminmu na wata tara ya narke yana kwance a akwatin Alhaji, ba ɓarawo ba gobara.

Fasfo shi ne ya fi cin rai. Tsarin a takarda ba wuya: ka je kafe a cike maka fom a intanet, ka sa lambar NIN, ka biya, a ba ka ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu, ka tafi da takardar haihuwa ko ta shaidar shekaru, da takardar ƙaramar hukumarka. Sharaɗi ɗaya ne ke kayar da mutane, dole sunanka da ranar haihuwarka su zo daidai da abin da ke kan NIN, harafi da harafi. Ni kuwa ranar da na yi rajistar NIN, sauri nake in koma kasuwa, aka tambaye ni suna na faɗa, ban duba abin da aka buga ba. Sunan mahaifina a takardun makaranta da "u" ya ƙare, a can kuma babu ita. Harafi ɗaya tak. Sai da na je kotu na yi takardar rantsuwa, na nemi gyara, na yi ta sintiri kusan mako shida kafin gyaran ya hau. Laifina ne, ba na kowa ba. Da aka ɗauki hotona, fasfon bai jima ba ya fito, don a daidai lokacin ne sabon ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya matsa a fitar da waɗanda suka taru.

Ɗaya abokin namu da bai samu tafiya ba, shi ya ƙi bin layi. Ya haɗu da wani mai cewa ya san hanya, kwana uku an gama, ba sai ka wahala ba. Ya ba shi kuɗin fasfo da na goro. Har muka tafi muka dawo, lambar mutumin a kashe take. Ranar tafiyarmu shi ya ɗauko mana jaka zuwa tasha, yana ta raha, amma da mota ta tashi ban iya kallon fuskarsa ba.

Saura izinin Baba, wanda na yi ta ɗagawa har aka raba rukuni ranar 12 ga Oktoba, Najeriya ta faɗa rukuni ɗaya da masu masaukin baƙi, da Ikwatoriyal Gini da Gini Bisau, kuma duk wasanninta uku a Abijan. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa na yi bayani. Ya daɗe yana jan carbi.

"Wato kai da hankalinka, da matarka da 'ya'yanka biyu, za ka ƙetare ƙasa uku ka shiga ta huɗu don ka ga ƙarti na guje-guje da gajeren wando?"

Ban ce komai ba, don in aka faɗe ta haka ba ta da amsa. Allah ya sa na zo da Kawu. Ya gyara zama ya ce, "Alhaji, ina kamar shekarunsa goro ya kai ni Anyama. Shi ƙwallo za ta kai shi. Hanyar dai ita ce, mutanen da ke kanta kuma namu ne. Ni zan haɗa shi da maigidana na can." Baba ya ce to, Allah ya tsare, amma kada in sake in dawo masa da baƙar rigar 'yan ƙwallo a matsayin tsaraba. Uwargida kuwa sharaɗinta atamfa ce, an ce mata ta Abijan ba ta kama da ta kowa.

Abu na ƙarshe katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda alhazai suka sani. Ba a shiga Kwaddibuwa sai da shi, a Gana ma ana tambaya. Ana biya ta intanet, ka je wurin jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa a yi maka allura a ba ka kati. Mu a Kano muka yi, tun cikin Disamba, saboda allurar ba ta fara aiki a ƙa'ida sai bayan kwana goma. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har ƙarshen rai, haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar tun 2016. Tela ya rantse an yi masa a unguwa lokacin da aka bi gida-gida, amma takardar ta bi wanki, sai ya sake miƙa dantse. Na ji ana cewa wasu katin kawai suke saye ba allura. Wannan wauta ce, sauro ba ya karanta kati.

Ranar Juma'a 12 ga Janairu, bayan an sauko daga masallaci, muka hau motar Kano, hazo ya rufe gari, kowa da rigar sanyi. Tela ya ɗinka mana aljihun ɓoye a cikin wando, shi kaɗai ne amfanin tafiya da tela. A Wapa muka canji sefa, muka bar naira ta kuɗin mota zuwa Legas da dawowa. Asabar da yamma muka shiga doguwar mota a Sabon Gari. Muna tsakanin Kaduna da Abuja aka buɗe gasar, wani ya kunna a waya, muka ji masu gida sun ci Gini Bisau biyu da nema. Ban da ciwon baya da tsayawar shingaye ba abin da zan ce game da wannan dare. Da hantsin Lahadi muka shiga Legas, muka sauka Agege wurin wani ɗan unguwarmu mai sayar da hula. A wani gidan kallo na Hausawa muka ga wasan farko, Ikwatoriyal Gini ta fara ci, Osimhen ya rama da ka bayan minti biyu, aka tashi ɗaya da ɗaya. Wani dattijo da ya ji inda za mu ya ce, "Don waɗannan za ku Abijan? Ku koma gida tun da sauran kuɗinku."

Litinin da asuba muka kama hanyar Badagry. Akwai manyan motoci masu tafiya kai tsaye, su karɓi fasfon kowa su yi maka komai a iyaka, amma kuɗinsu ya fi ƙarfinmu. Mu guntu-guntu muka yi, daga wannan ƙaramar mota zuwa waccan. Iyaka huɗu ce: Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, Aflawo tsakanin Togo da Gana, sai Elubo. Kowace iyaka hatimi biyu, na fita da na shiga, ga teburin masu duba katin shawara. A doka ɗan ECOWAS ba ya biyan ko sisi. A aikace kuwa, a wata iyakar da ba zan faɗa ba, wani mai kaki ya juya fasfona ya ga ba hatimi ko ɗaya a ciki, ya yi murmushi ya ce sabo ne, sai an "buɗe" shi. Na fara ɗaga murya ina kawo doka. Wata Hajiya 'yar kasuwa da muka shigo mota ɗaya, mai zuwa Lome sarin atamfa, ta ja ni gefe ta ce, "Ɗana, ka iso da gaskiyarka, amma mota ba za ta jira gaskiyarka ba. Kawo in yi magana." Ta yi ciniki kamar tana sayen tumatir, aka rage fiye da rabi. Har yau abin na ci mini rai, amma da na biye wa zuciyata da a can zan kwana.

Daga nan na fara lura da wani abu. Duk inda muka sauka, kafin mu gama waige-waige mun ji Hausa. Masu canji a bakin iyaka, masu tsire, masu shayi, masu turin kaya, 'yan agogo da tabarau. Ba ni da Faransanci ko na sayen ruwa, Turancin Tela kuwa na awon wuya da hannu ne, amma ba mu taɓa ɓata ba. Sallama kawai za ka yi ka ce, "Don Allah ina tashar Lome?" sai a haɗa ka da yaro ya kai ka har bakin mota, a kuma gaya maka kuɗin gaskiya don kada a cuce ka. A Kwatano haka, a Lome haka. Togo ta bakin teku siririya ce, kafin ka gyara zama ka ƙetare ta, kuma iyakar Gana a jikin birnin Lome take. Tun a iyakar Benin da Togo agogo ke komawa baya da awa ɗaya, muka yi ta mamakin yadda la'asar ta ƙi yi.

A Akara muka kwana, wadda Kawu har gobe Ankara yake ce mata. Unguwar Nima muka nufa, muka yi isha'i a wani masallaci, ladan ya ji daga Katsina muke, ya ba mu ɗakin baƙi. Hausarsu ta zango ce, ba ruwanta da namiji da mace, kowa "ya zo" ne, amma ana fahimtar juna sarai. Da safe muka sha koko da ƙosai, wanda su kansu mutanen Gana koko na Hausa suke ce masa, ga kuma shinkafa da wake da suke kira wace, sunan ma daga wake ya fito. Muka canji sidi kaɗan, muka bi ta Cape Coast da Takoradi, muka ƙetare gadar kogin Tano a Elubo da la'asar. Bayan isha'in Talata muka shiga Abijan, kwana huɗu da barin gida, ƙafafu sun kumbura, rigunan sanyinmu sun zama kaya. Zafin can ba irin namu ba ne, jiƙa ka yake kamar an rufe ka a tukunyar dambu.

Maigidan Kawu Bamaraɗe ne, ya haura shekara arba'in a unguwar Treichville. Ba mu taɓa ganinsa ba, saƙon murya kawai Kawu ya tura masa ta WhatsApp. Ya aiko ɗansa tasha, aka kai mu ɗaki da tabarma da fanka, aka kawo tuwon shinkafa. Na zaro kuɗi in yi maganar haya, ya ɓata rai. "Kai yaro, kawunka ya kwana a ɗakin nan kafin a haife ka. Mai da kuɗinka." Da otal muka sauka, da kwana uku ba za mu yi ba, don gari ya cika da baƙi, komai ya yi tsada.

Laraba muka ba neman tikiti. Tun muna gida muka gwada saye ta intanet, katin bankinmu ya ƙi, daga baya shafin ya ce sun ƙare. Wasan da kowa ke so ne, masu gida da Najeriya. Mafi araha jika biyar ne, sai na jika goma, sai na sha biyar. Ɗan maigida ya tashe mu tun duhu, muka shiga gbaka, ƙananan motocinsu na haya, zuwa wani wurin sayarwa. Layi ya kai inda ido ba ya gani. Muka tsaya daga asuba har azahar, ana cewa na'ura ta tsaya, ta dawo, ta tsaya. Muna dab da ƙofa aka ce na jika biyar sun ƙare. Na dubi Tela, Tela ya dube ni, muka shiga lungu muka kwance aljihun ɓoye, muka sayi na jika goma. Muka haɗa da na wasan Gini Bisau, wanda ba mai rububinsa.

A hanyar komawa yaron ya ce bari ya ba mu abincin gari. Ya kai mu wata rumfa, ana zuba wani abu kamar dambu amma na rogo, mai ɗan tsami, atiyeke suke ce masa, a ɗora soyayyen kifi, a watsa albasa da tumatir da ɗanyen barkono. Na tambayi sunan abincin, ya ce garba. Na ce a'a, abincin nake tambaya, ba mai sayarwa ba. Ya fashe da dariya. Ashe sunan abincin ke nan, kuma an ce daga 'yan Nijar masu sayar da shi sunan ya samo asali. Mai rumfar kansa mutumin Tawa ne. Kwana takwas da muka yi, garba ce ta riƙe mu, safe da rana.

Alhamis 18 ga wata. Filin wasa na Alassane Ouattara yana Ebimpe, arewa da birnin, kusa da Anyama, garin goron da Kawu ke faɗa. An buɗe shi a 2020, yana cin mutum 60,000. Ƙarfe biyar za a take wasa, maigida ya ce mu fita tun sha ɗaya, muka ga kamar ya cika tsoro. Da ba mu ji maganarsa ba da a hanya za mu ji sakamako. Mota ta ajiye mu nesa, muka taka doguwar tafiya cikin rana, shinge bayan shinge, ana duba tikiti ana lalube jiki, gorar ruwanmu ma a nan muka bar ta. Muka haɗa azahar da la'asar a gefen hanya, muka yi ƙasaru, wasu 'yan Mali suka bi mu jam'i.

Da na hau matakala na leƙa cikin filin, sai da na riƙe ƙarfe. Ko'ina ruwan lemo, launin rigar masu gida, ganguna na tashi, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Mu masu kore ɗan tsibiri ne a gefe guda, 'yan ƙungiyar magoya baya na busa ƙaho. Abin da talabijin ba ta taɓa nuna mini ba shi ne gudu. Osimhen ko ba ƙwallo a ƙafarsa ba ya tsayawa, yana bin masu tsaron baya kamar wanda ake bi bashi ya ga mai bashinsa. Kuma ka ga yadda 'yan bayanmu ke tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, don ranar Jose Peseiro mutum uku ya jera a tsakiyar baya. A gefen hagu ga Zaidu Sanusi, ɗan Jega, Tela na ta kwarara masa kira da Hausa kamar zai ji. Ahmed Musa na benci, duk da haka da aka nuno shi a babban allo sai da muka tashi tsaye.

Bayan hutun rabin lokaci aka taɗe Osimhen a cikin da'ira. Alƙali bai busa nan take ba, sai da ya je ya duba na'ura. A gidan kallo, lokacin nan ana ta maimaita hoton ana musu. A fili kuwa ba ka ganin komai, dubun dubatar mutane na jiran mutum ɗaya ya ɗago kai. Ya nuna fanareti. Troost-Ekong ya ajiye ƙwallo, ya buga ta shige, minti na 55. Ban san lokacin da na rungumi wani ƙato Bayarabe ba, hulata ta faɗi layi uku ƙasa, wata mata 'yar ƙasar ta miƙo mini ita tana harara tana dariya. Sauran minti talatin da biyar ɗin ban ji daɗinsu ba ko kaɗan, addu'a kawai nake, Nwabali na kama abin da ya zo. Aka tashi ɗaya da nema. Na zaci za a tsangwame mu a hanyar fita, har na cusa tutata a riga. Ba wanda ya taɓa mu, sai tsiya da wasa. Sai wajen sha ɗayan dare muka kai gida, muka rama magariba da isha'i.

Kwana uku da ke tsakani ba mu zauna ba. Asabar ɗan maigida ya kai mu dajin Banco, kurmi ne sosai a tsakiyar birni, fiye da hekta 3,000, an keɓe shi tun 1953. Mutumin da ya tashi inda kuka da gawo ne manyan itatuwa, ya shiga inda rana ba ta taɓa ƙasa, sai ya yi shiru. Muka yi tafiyar awa uku a ƙafa tare da mai rakiya, wasu na wuce mu a kan kekuna, wasu na gudun motsa jiki. Tela, wanda kullum yana zaune a kan keken ɗinki, a nan ya gane nauyin tumbinsa. Lahadi muka je Grand-Bassam, kilomita kamar arba'in gabas da Abijan, babban birnin farko na zamanin Faransawa, da tsofaffin gine-ginensu a bakin teku. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2012. Mai yi mana bayani ya ce annobar shawara ce ta 1899 ta kashe mutane da yawa har Turawa suka kwashe hedikwatarsu suka mayar Bingerville. Na shafa aljihu na ji katina na nan. Samari na buga ƙwallo a kan yashi, muka shiga aka yi da mu, minti goma na nemi canji. Teku kuwa iyakata idon sawu, an gargaɗe mu igiyar ruwan wurin tana ja, ni kuma ko a rafin damina ban iya iyo ba.

Litinin 22 ga wata muka shiga jirgin ruwan haya muka ƙetare zuwa Plateau, inda tsohon filin Félix Houphouët-Boigny yake, a tsakiyar dogayen benaye. Wasan bai yi armashi ba, ɗan bayan Gini Bisau ne ya ci gidansu, aka tashi ɗaya da nema, kujeru da yawa ba kowa, abin da ya ba ni haushi in na tuna layin Laraba. Hankalin kowa na kan waya, don a daidai lokacin masu gida na wasa a Ebimpe. Aka ce an ci su ɗaya. Aka ce biyu. Kafin mu fita an ce huɗu da nema, Ikwatoriyal Ginin da dattijon Agege ya raina. Maigida ya kira ɗansa ya ce mu cire duk wani abu kore mu dawo gida yanzu. Garin da kwana shida ba ya barci, ranar tsit ya yi kamar an yi rasuwa.

Mun so mu tsaya wasan zagaye na gaba, amma da muka zazzage aljihun ɓoye a kan tabarma, abin da ya rage na mota ne da tsaraba. Naira kuma ta ƙara faɗuwa, ko an turo daga gida ba ta da auki. Talata na sayi atamfa turmi ɗaya a Adjame, maigida ya sa aka kawo mana goro daga Anyama, fari da ja, an naɗe a ganye, ya ce rabi na Kawu rabi na Baba. Laraba muka kamo hanya, ranar da aka sallami kocinsu Jean-Louis Gasset, kuma a daren Maroko ta ci Zambiya, wanda shi ya ba masu gida damar tsallakewa da ƙyar. A Agege muka ga Lookman ya ci Kamaru biyu, na nemi dattijon nan ban gan shi ba. Muna cikin motar Kano ranar Lahadi 28 ga wata aka ji a rediyo Nijar da Mali da Burkina Faso sun ce sun fice daga ECOWAS. Motar ta kaure da musu. Ni maigidanmu na tuna, da mai garba, da masu canjin bakin iyaka, yawancinsu da takardun Nijar suke yawo.

Wasan ƙarshe, ranar 11 ga Fabrairu, a gidan kallonmu na kullum na gan shi, a kan benci, janareta na ƙara a baya, ƙarfe tara na dare, sanyi na shigowa ta ƙasan labule. Najeriya da Kwaddibuwa kuma, a filin nan dai na Ebimpe, su da sabon koci Emerse Faé, bayan sun fitar da Sanagal da Mali da Kwango. Duk lokacin da aka nuno 'yan kallo sai Tela ya miƙe ya nuna allo, "Can muka zauna, wallahi can!" har aka fara jifansa da ɓawon gyaɗa. Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutu, rufin kwano ya kusa tashi. Kessié ya rama. Saura minti tara Haller, wanda bai daɗe da warkewa daga ciwon daji ba, ya sa ƙafa ya karkatar da ita cikin raga. Ba wanda ya jira a ba da kofi.

Ina tura babur zuwa gida waya ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Treichville, ba ka jin komai sai hon na motoci da ihu, can sai muryar maigida: "Yaro, ku yi haƙuri, yau tamu ce. Ka gaida kawunka. Ka tambayi Alhaji ko goron bai bushe ba."

Da safe na je gaida Baba. Yana zaune a zaure cikin bargo, ya kwance ganyen, ya ɓare fari guda ya miƙo mini rabi.

"An ce an cinye ku."

Na ce an cinye mu, Baba.

Ya tauna goronsa, ya ce, "Wannan na Anyama ne kuwa. In za ku koma, ka yi mini magana da wuri."